Kada Babbar Riga Ta Shiga Ɗakin Injin

Maruta, ƙasar Gwaram.

Zuwa ga ɗana Abba, a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka, da fatan kun kwana lafiya a sabon wuri. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta, Ya tsare duk wanda zai ci abinci a ƙarƙashinka, Ya sa ka fita da ƙafafunka ka dawo da su. Innarka tana gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, direban da zai miƙa maka takardar nan ya fi ni baki, ka tambaye shi.

Ka san ni da alƙalami ba ma shiri. Bokona na yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka daidaita shi da kanka. Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa abu ne da na gani da idona ranar da muka rako ka, kuma tun daga ranar tuwo bai yi mini daɗi ba.

Makaniki ya gama ɗaure maka injin niƙa a shagon ƙofar gidan surukinka Alhaji Mamuda, aka ce a tayar a gani. Ana ta murna ana sa albarka. Sai Alhaji ya shigo da babbar rigarsa ta shadda, ya tsaya dab da bel ɗin da ke juya injin yana nuna wa baƙi inda gari ke fitowa, hannun rigar yana lilo. Tsakanin rigar da bel ɗin bai kai taƙi ba. Na dube ka. Ka gani, Abba, kada ka ce ba ka gani ba, don na ga idonka ya je wurin ya dawo. Amma sai ka durƙusa ka sunkuyar da kai kana cewa, "Allah Ya ƙara girma, Alhaji." Ni ne na ja shi da zancen gero har muka fito waje.

Mutane suna yabonka da kunya, kuma ni na koya maka ita. Yau ita ce take hana ni barci. Alhaji mutum ne mai son shiga harka, shagon kuma a ƙofar gidansa yake, kullum zai leƙo. Idan ba ka iya buɗe baki ka tsayar da shi ba, wata rana za ka ɗauko shi a hannu. Na san abin da nake faɗa, don ni na ɗauko nawa surukin.

Kakanka Malam, mahaifin Innarka, wanda ka ci sunansa har ya sa bakina ba ya iya kiran sunanka na yanka, ka tashi ka gan shi da hannu ɗaya. Kana ƙarami abin ya faru, abin da aka faɗa maka kawai shi ne injin ya kama shi. Gaskiya ne, amma injin bai tashi daga inda yake ya je ya same shi ba. Bari in jera maka yadda na shirya wa abin hanya da hannuna.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na sayo tsohon injin daga Kano na kafa shi a bakin kasuwar Gwaram. A lokacin mata a dutse suke niƙa, sai ga ni da abin da ke cinye kwaryar dawa kafin a gama gaisuwa. Kaina ya kumbura, har ana kirana Sarkin Injin ina amsawa. Injin ya zo da ragar ƙarfe da ke rufe bel da babban wili. Bel ɗin tsoho ne, yakan zame, kuma duk zamewa sai na kwance ragar na mayar. Wata rana na gaji, na cire ta gaba ɗaya na kawo gida. Innarka ta ji daɗi ƙwarai, ta kifa ta a kan 'yan tsakinta saboda shirwa. Ka ga hankalin ubanka, na tsare kaji na bar mutane a buɗe.

Duba-gari ya zo zagaye ya gani. Mutum ne mai haƙuri, bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Malam Haladu, ina murfin abin nan?" Na ce yana wurin gyara. Ya ce, "To a mayar da shi. Wannan bel ɗin ba ya tambayar sunan mutum." Na ce insha Allahu gobe. Ya tafi na yi dariya, na ce wa mutane ɗan boko ne, bai taɓa niƙa ko barkono ba.

Naka injin sabo ne, na ga ragarsa jingine a bango, makaniki ya ce sai bel ya zauna za a ɗaura. Ka ɗaura ta kafin ka karɓi kwanon farko. In bel ya zame ka kashe injin, ka jira wili ya tsaya cik, sannan ka kwance ka gyara ka mayar, ko da mata sun cika ƙofa suna yi maka habaici. Habaicinsu zai wuce kafin yamma. Kuma in duba-gari ko wani ma'aikacin hukuma ya zo ya nuna maka gyara, ka yi shi a gabansa. Tsare jikin wanda ke aiki a shagonka ba alheri ba ne da kake yi masa, haƙƙinsa ne a wuyanka tun ranar da ka ce masa ya zo gobe da safe.

Kuskurena na biyu rowa ce, amma ba ta abinci ba. Ina da ma'aikaci, Ɗanladi, magidanci mai 'ya'ya, shi ke zuba hatsi yana tare gari. Ban taɓa nuna masa yadda ake tayar da injin ba, balle yadda ake kashe shi. In zan kashe sai in ba shi baya in kare wurin da jikina. Tsorona kada ya iya, wani mai kuɗi ya saya masa nasa ya kafa kusa da ni. Ya taɓa cewa, "Maigida, ko za ka nuna mini, saboda wata rana?" Na ce masa wata ranar ma ina nan.

Mutanen nan biyu da ka ɗauka, kafin su taɓa ko mudu ka tsayar da su ka nuna musu inda ake kashewa. Kowa ya kashe da hannunsa kana kallo, ya sake, har sai ya iya ido rufe. Ka nuna wa matarka ma, da mai shayin da ke gefenka. In sun koya sun gudu sun buɗe nasu, Allah Ya ba su sa'a, garin Birnin Kudu ba zai rasa abin niƙa ba. Ka hana su tura hatsi da yatsa in ya toshe, ka yanko musu sanda. Kada ka ɗauka cewa babban mutum ya san wannan da kansa. Ka faɗa da baki, ka kuma maimaita.

Yanzu ga ranar. Kasuwa ce ta bayan kaka, ƙwarya a jere har bakin hanya. Malam ya kawo igiyoyin da ya tuƙa ya sayar, ya biyo ya ga yadda muke fama, sai tausayi ya kama shi. Ya yi sallama ya shigo ya ce bari ya kama mana miƙon ƙwarya. Yana sanye da farar babbar rigarsa, wadda yake zuwa Juma'a da ita. Ya tsaya tsakanin Ɗanladi da bango, bel yana gudu a gefen damansa.

Ka san yadda nake da shi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa tun daga nesa. To yaya zan dube shi a gaban matan gari in ce ya tuɓe riga, ko ya fita daga shagona? Na ga hannun rigar yana kaɗawa, ya naɗe shi a kafaɗa, ya sake zamewa. Bakina ya ƙi buɗewa. Na matsa kusa da Ɗanladi na ce masa a kunne, "Ka ce wa Malam ya matsa." Ya zaro ido ya ce, "Ni? Kai ba ka faɗa ba sai ni?"

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da muka saba da ita. Abin da ba ka iya faɗa wa babba, sai ka nemo sa'ansa ya faɗa masa. Na tuna na ga Liman, abokin Malam, a rumfar masu goro. Na ce bari in yi sauri in kira shi ya zo ya ja Malam waje da hira, ba wanda ya ji kunya. Har ina yaba wa kaina hankali. Ban kashe injin ba, don in na kashe Malam zai tambayi dalili, kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Na fita na bar injin yana gudu, ni kaɗai ne kuma a duk kasuwar na san inda ake kashe shi.

Ina durƙushe gaban Liman, ban ma gama gaisuwa ba, na ji ihun mata. Ban san yadda na iso ba. Na tarar ƙwarya a warwatse, Ɗanladi ya rungume Malam ta ƙugu yana ja yana kuka, yana dukan injin da ƙafa ko'ina don bai san inda zai taɓa ba. Rigar ta naɗe a wili ta tafi da hannun. Injin yana ta bugawa abinsa. Na kashe shi, kuma kashewar ba ta fi ɗaga yatsa ba. Malam bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, yana kallon rufin ɗakin.

Abba, in ka ga haɗari, wanda ya gani shi ke magana, a lokacin, da bakinsa. Ba a aike, ba a neman wanda ya dace. In bakinka ya ƙi, hannunka ya kashe injin, daga baya a yi bayani. Kuma muddin yana gudu kada ka taka ƙofar waje, ko wa ya kira ka, sai ka bar wanda ya iya a kansa.

Bayan mun yanke rigar mun zare shi, sai wani kuskuren ya fito. Babu ko tsumma mai tsabta a shagon. Wani ya kwance rawaninsa muka ɗaure, wata ta kawo toka aka zuba, wani ya ce garin taba ya fi, shi ma aka zuba. Kowa na ba da shawara, ni maigidan wuri ina tsaye kamar an dasa ni. Mota kuwa babu sai lorin kasuwa, shi ma ya fara lodi, sai da aka sauke buhuna ana ta roƙon masu kaya. Hanyar a lokacin ba irin ta yanzu ba ce. Ina riƙe da kansa a cinyata, mutumin da ban taɓa zama kusa da shi ba, duk ramin da muka faɗa sai na ji jikinsa ya ƙanƙame. Rana ta yi sanyi kafin mu isa asibiti a Birnin Kudu. Sun yi iya ƙoƙarinsu, suka ceci ransa, hannun kuwa suka yanke shi sama da gwiwar hannu. Wani ma'aikacin jinya ya tambaye ni wa ya zuba toka, ya ce ta ƙara musu aiki. Na ce ban sani ba, alhali a gabana aka zuba.

Kai Allah Ya taimake ka, asibiti yana kusa da kai. Amma kusancinsa ba zai ɗaure rauni ba. Ka sami ƙaramin akwati ka sa bandeji da auduga da maganin wanke ciwo da almakashi, ka rataye shi inda kowa ke gani, kada ka sa masa kwaɗo. Ka je ka sami wani ma'aikacin asibitin ka roƙe shi ya nuna muku yadda ake tsayar da jini, kai da mutanenka. Ka san direban da za ka kira da inda yake tsayawa tun kafin ka buƙace shi. In wani ya ji ciwo, komai ƙanƙantarsa, ka kai shi da kanka, ka faɗi gaskiyar yadda aka yi in an tambaye ka, kuma kada ka sallame shi don ya kwanta.

Masu zuwa jaje kowa cewa yake ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, da ita zan mutu. Amma na san wanda ya kwance raga ya kai wa kaji, kuma na san wanda ya fita neman Liman. Innarka ba ta taɓa ce mini komai ba. Ranar da muka dawo da Malam gida na ga ta ɗage ragar daga kan 'yan tsakin, ta wanke ta, ta jingine a ƙofar ɗakina, ta koma ta ci gaba da dakanta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Malam bai ƙara tuƙa igiya ba, bai ƙara riƙe garma ba. Mutumin da ke gyara wa yara zama in sun ci da hagu, shi ne ya koma ci da hagu, yana juya baya don kada a gani. Kowace damina gonarsa nake fara nomewa kafin tawa, har ya koma ga Allah. Kada ka ɗauka na biya shi da wannan, noma kawai na yi.

Wata damina ina cikin gonar tasa ya zo ya zauna a gindin ƙirya yana kallona. Ban juyo ba, ina noma na ba shi baya, na faɗa masa duka. Na ce na ga rigar, na ce kunya ta hana ni magana, na ce Liman na tafi kira. Can sai ya ce, "Haladu, don riga? Ai da ka ce in cire da na cire. Ko zagina ka yi ranar nan, da yanzu ina da hannun da zan mare ka da shi." Ya yi 'yar dariya. Ni kuwa na kifa kai a kan ƙotar fartanya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Akwai sauran abubuwa da ba sa ihu, a hankali suke ci. Na toshe tagar shagona saboda ɓarayi, salansa kuma a ciki take fitar da hayaƙi, ga ƙurar gari ga ta barkono. Tarin nan da kake ji ina yi da asuba can na samo shi. Ɗanladi ya fi ni shaƙa don shi ke bakin gari, yau ko gaisuwa mai tsawo ba ya iya yi sai ya huta. Ka sa a fitar da salansa waje ta bango, ka buɗe taga biyu masu kallon juna, mai tare gari ya ɗaure hanci da ƙyalle, ku riƙa karɓar juna ana fita shan iska. Ka ajiye randar ruwa mai murfi. Garwar man gas kada ta kwana kusa da murhun mai shayin nan, na ga tazararsu ban ji daɗi ba, kuma ka cika bokiti da yashi ka ajiye a bakin ƙofa. Yanzu kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa sauri yake yi, wanda bai taɓa ganin injin ba jiya yau ya sayi biyu. Kada saurinsu ya ja ka.

Ka sa kafinta ya yi maka kanta a ƙofa, mai kaiwa ƙugu. Mata da yara su miƙo ƙwarya ta sama su karɓa ta sama, don mayafi da bakin zane ba su fi hannun riga aminci ba. Ma'aikatanka su sa 'yar shara ko riga mai gajeren hannu, kai ma haka. A waje ka kafa ƙusa a bango ta rataye riga, ka shimfiɗa tabarma mai kyau a inuwa. Babba in ya zo, wurinsa ke nan, a kawo masa ruwa da goro a can.

Saura Alhaji. Kada ka jira sai ya shigo. Ka same shi a zaure da safe bayan ya karya, ka durƙusa yadda ka saba, ka gaishe shi, ka ce, "Alhaji, alfarma nake roƙo. Na yi wa mahaifina alkawari babbar riga ba za ta wuce kantar nan ba, ko ta wane ne. Kakana a haka ya rasa hannu." Ka ɗora laifin a kaina, na iya ɗauka. Mai yiwuwa ya ɓata rai, mai yiwuwa matarka ta kwana biyu tana amsa maka a taƙaice. Ka jure. In ya manta ya doso, ka miƙe tsaye ka tare ƙofa da jikinka, ka ce, "Alhaji, tsaya." Ladabin da ya fi wannan ban san shi ba.

Na san halinka, za ka karanta ka ce to Baba, ka naɗe takardar ka sa a aljihu. Saboda haka ga abin da na yanke. Zan zo Birnin Kudu ran wata kasuwa, ba zan faɗa maka wacce ba. Zan sa babbar rigata ta Sallah, mai faɗin nan. Zan zo lokacin da ƙofarka ta cika da mutane, in yi sallama in nufi injin kai tsaye, kuma ba zan tsaya don kaina ba. In ka tare ni a gaban jama'a ka ce, "Baba, tsaya, cire rigar ko ka zauna a waje," zan zauna a tabarmarka in sa maka albarkar da ban taɓa sa wa kowa ba. In kuwa ka durƙusa ka ce sannu da zuwa ka bar ni na wuce, zan kashe injin da hannuna, in zare handul ɗin da ake tayar da shi in sa a jakata in dawo da shi Maruta. Alhaji ya ce abin da zai ce, gari ya yi dariya. Na fi son a ce ɗana ya kasa sana'a da a ce ya yi irin tawa.

Allah Ya buɗe maka baki a inda ya kamata. Allah Ya kiyaye hannunka da na mutanenka da na duk wanda zai taka ƙofarka, Ya ba ka halal mai albarka, Ya sa ku rufe shago kowace yamma kowa da gaɓoɓinsa cikakku. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe mini. Ka gaishe da Alhaji da kyau, ka gaishe da iyalinka.

Na karanta wa Innarka takardar nan kafin in rufe. Ta tashi ta buɗe adaka ta ɗauko babbar rigar tawa ta Sallah, ta aika da ita gidan bugu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haladu Maruta